Hunturu da Hutun Masihiyawa a Kudancin Kano: Jiya da Yau

A ƙasashen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, hunturu yakan kama ne daga ƙarshen Nuwamba ya kai cikin Fabrairu. Iska ce busasshiya mai tasowa daga arewa maso gabas, tana ɗauke da ƙurar Sahara, ta rufe sama da hazo, ta bar dare da asuba cikin sanyi mai ratsa ƙashi. Wannan yanki shi ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Jihar Kano, kuma tuddan Riruwai da ke Doguwa su ne mafi tsayi a jihar, don haka sanyinsu ya fi na birni cizo. Ga manomi, muhimmancin lokacin shi ne an gama aikin shekara. Gero ya daɗe da shiga rumbu, an karye masara, an yanke shinkafa, dawa ma ta zo gida. Ga Hausawa Kirista na waɗannan ƙauyuka, waɗanda suke kiran kansu Masihiyawa, watannin nan sun daɗe suna zama lokacin da jiki yake hutawa, ikilisiya kuma take yin babban aikinta na koyarwa da zumunci. Shekaru hamsin da suka wuce sun sauya wannan tsari ƙwarai da gaske.

Shekarar manomi a da

Kafin zuwan madatsun ruwa, shekarar ƙauye ta rabu gida biyu, kuma ba daidai suke ba. Daga saukar ruwan shuka a watan Mayu ko Yuni har zuwa kaka, babu mai lokacin kansa. Ana yin shuka, a yi noman fari, a yi maimai, a yi huɗa, duk a guje, domin ciyawa ba ta jiran kowa. A gidajen da ake zaman gandu, maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suna aiki tare a babbar gona, sannan kowa ya juya ga gayaunarsa a lokacin da aka ware masa. Cikin marka ne kuma hatsin bara yake ƙarewa, sai aiki mafi nauyi ya haɗu da abinci mafi ƙaranci.

Da an gama girbi sai al'amari ya juya. Aikin rani yana nan, amma ba ya kora. Ana gyaran ɗaki da jinka, ana saƙar zana da tufkar igiya, ana kai taki gona a kan jaki, Fulani su shigo da shanu su ci kara su bar kashi a gona. Duk wannan aiki ne da za a iya ajiye shi yau a ɗauka gobe. Shi ya sa bukukuwan aure, da dambe, da kokawa, da farauta, da ziyarar dangi na nesa suke taruwa a wannan lokaci. Mutum bai zaɓi ya huta ba. Ƙasa ce ta bushe, ta sallame shi.

Yawancin Masihiyawan yankin jikokin Maguzawa ne, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya a ƙauyuka da gidajen gona bayan birane sun musulunta. Joseph Greenberg, masani ɗan Amurka, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya kuma bayyana yadda bautarsu take bin shekarar noma: akwai yanka ga iskokin gida kafin shuka, akwai kuma bayan an kawo amfani. Kaka da hunturu su ne lokacin giyar dawa da manyan taruka. Don haka tun kafin a gina majami'a ko ɗaya a yankin, mutanensa sun saba da cewa bayan girbi akwai godiya, akwai taro, akwai kuma sha'anin da ya wuce na ciki.

Shigowar ikilisiya

Bishara ba ta shigo ƙasar Kano da wuri ba. A 1900 tawagar mishan ta CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell, wadda Dakta Walter Miller yake cikinta, ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame ta. Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, gwamnatinsu ta taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi na tsawon shekaru. Sai a shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta sami sarari, ta hanyar aikin jinyar kutare a Yadakunya, sannan asibitin ido na Kano, da tashoshi a wasu garuruwan karkara. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A 1954 ikilisiyoyin da SIM ta kafa suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA, kuma masu bishara 'yan ƙasa, da yawansu daga kudancin Zariya da Filato, su ne suka riƙa zama a ƙauyukan Maguzawa. Katolika da Anglika da wasu ɗariƙu sun kafa nasu majami'un a yankin. Mafi yawan sauyin addini a gidajen Maguzawa, zuwa Musulunci ko zuwa Kiristanci, ya faru ne daga shekarun 1970 zuwa gaba.

Mai bisharar ƙauye shi ma manomi ne. Albashinsa kaɗan ne, wani lokaci damin hatsi ne, don haka da damina yana gona kamar kowa. Abin da za a iya yi a lokacin bai wuce sujadar Lahadi da addu'ar asuba ba. Duk wani aiki mai bukatar zama da natsuwa sai rani. A nan ne ake buɗe ajin karatu, inda manya suke koyon haɗa baƙi da wasali domin su iya karanta Littafi da kansu, abin da ya yi daidai da yaƙi da jahilci da gwamnatin Arewa ta ƙaddamar a shekarun 1950. A nan ne ake ajin baftisma, ana koyar da masu shirin shiga ikilisiya mako bayan mako. A nan ne mawaƙa suke koyon sabbin waƙoƙi, Zumuntar Mata take shirya taronta na gunduma, matasa kuma su fita wa'azi ƙauyukan maƙwabta. Shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya taso a arewacin Nijeriya a farkon shekarun 1960, ya ƙarfafa wannan ɗabi'a ta ƙananan ƙungiyoyin addu'a da fita bishara bibbiyu.

Hanya ma tana da nata hannu a ciki. Da damina rafuka suna cika, laka ta tsare hanya, ƙauyukan da ke bayan dajin Falgore ko ƙarƙashin tuddan Riruwai su zama kamar an yanke su daga duniya. Da rani kuwa ana ratsa rafi da ƙafa, keke yana shiga ko'ina. Fasto mai kula da majami'u da yawa a lokacin ne yake iya zagaya su, ya ba da jibin Ubangiji, ya ɗaura aure, ya sasanta rigima. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake, ƙafar kuwa ba ta samun sakewa sai bayan kaka.

Tushen koyarwar

Abin da ikilisiya take koyarwa game da hutu ya tsaya ne a kan ginshiƙai uku. Na farko shi ne ranar hutu. Labarin halitta ya ƙare da hutawar Allah a rana ta bakwai, kuma doka ta huɗu cikin Dokoki Goma ta haɗa bawa da baƙo da dabba cikin masu haƙƙin hutawa. Ga sabon tuba a gidan gandu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙin fita gona ranar Lahadi a tsakiyar damina yakan jawo saɓani da maigida. Kiyaye ranar shaida ce cewa amfanin gona ba daga ƙarfin damtse kaɗai yake fitowa ba.

Na biyu shi ne hutun ƙasa. Shari'ar Musa ta umarci a bar gona ta huta shekara guda cikin kowace bakwai, abin da ya tsiro da kansa kuma a bar wa matalauta da namun jeji. Manomin kudancin Kano bai bukaci dogon bayani a kan wannan ba, domin ya san saura, ya san gonar da aka bari ta yi shekaru takan dawo da ƙarfinta. A zamanin da daji yake da yawa a Doguwa da Tudun Wada, barin gona ta huta abu ne da kowa yake yi.

Na uku shi ne halin Yesu Almasihu da kansa. Littattafan Bishara sun nuna yakan janye daga taro ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a, kuma ya taɓa janye almajiransa gefe domin su huta bayan sun dawo daga aike a gajiye. Masu wa'azi sukan haɗa wannan da labarin annabi Iliya, wanda ya gaji har ya fid da rai, aka fara ba shi abinci da barci kafin a yi masa magana. Darasin da ake cirowa shi ne jiki da ruhu ba a raba su, wanda bai huta ba ba ya ji da kyau, kuma hutun da ake nufi ya bambanta da zaman banza, tunda manufarsa ita ce mutum ya koma ga Allah da ga 'yan'uwansa.

Kalandar ikilisiya da kalandar gona

Watannin Musulunci suna bin wata, shi ya sa azumin Ramadan yake matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ya zagaya damina da rani. Kalandar Kirista kuwa tana bin rana, don haka Kirsimeti, ranar 25 ga Disamba, kullum a tsakiyar hunturu take faɗowa. A Turai wannan lokaci ne na dogon dare da ƙanƙara, kuma al'adun ikilisiyar can sun ginu a kan jiran haske cikin duhu. Ƙa'idar zaman sufaye da Benedict ya tsara a Italiya a ƙarni na 6 ma ta bambanta jadawalin sanyi da na zafi, ta ba da ƙarin barci da ƙarin lokacin karatu a watannin sanyi. A kudancin Kano tsawon dare da rana ba sa bambanta sosai, saboda haka ma'anar lokacin daga rumbu ta fito: an yi wahala, an samu, yanzu sai godiya.

Jerin yakan fara da godiyar kaka, inda kowane gida yake kawo rabonsa na hatsi, ko kaza, ko akuya gaban majami'a. Daga abin da aka tara ake ciyar da mai bishara, a taimaki gwauraye da marayu, a sayar da saura don gini. Katolika da Anglika suna kiyaye Lahadi huɗu na shiri kafin Kirsimeti, da karatu da addu'o'in da aka tsara musu. Ikilisiyoyi irin ECWA ba su cika bin wannan tsari ba, sun fi ba da ƙarfi ga taron falkaswa, da wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu, da zagayen waƙa. Ranar Kirsimeti ana yanka, ana dafa shinkafa, ana aika wa maƙwabta Musulmi, kamar yadda su ma suke aikowa da Sallah. Daren 31 ga Disamba ana kwana a majami'a, sabuwar shekara kuma takan buɗe da kwanakin addu'a. Sa'ad da azumin kwana 40 na kafin Ista ya kama, a Fabrairu ko Maris, sanyi ya fara janyewa. Ista kanta, wadda take faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, a cikin zafin bazara ake yin ta, lokacin sharar gona. Ke nan daga godiyar kaka zuwa Ista, manyan ranakun ikilisiya duka sun zauna ne a cikin watannin da fartanya take rataye.

Abin da ya cike gurbin

Babban sauyi na farko ruwa ne ya kawo shi. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma daga gare ta ake shayar da filayen Kadawa, Kura da Bunkure. Daga shekarun 1980 ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse suka bazu a fadamu, hana shigo da alkama daga waje a 1987 ya ƙara wa nomanta daraja, shirye-shiryen Fadama na shekarun 1990 suka ɗora a kai. Alkama sanyin hunturu take so, dole a shuka ta a kan kari, tumatir da albasa da tattasai kuma ba sa haƙurin ƙishirwa. Wanda yake da fili a bakin ruwa, ko yake zuwa ƙwadago a can, ya sami damina ta biyu. Samu ya ƙaru, yunwar marka ta ragu a gidaje da yawa, amma ranar da layin ruwa ya zo kan mutum ba ta tambayar ko Lahadi ce.

Na biyu kasuwa ce. Tudun Wada ta zama cibiyar cinikin shinkafa, inda ake saye, a turara, a shanya, a casa, a ɗora wa manyan motoci. Masarar Doguwa tana fita ta hanyar Kano zuwa Jos, Kwanar Dangora kuma mahaɗa ce da ba ta barci. Watannin da suka biyo bayan girbi su ne ganiyar wannan hada-hada. Na uku cin rani ne. Tsohuwar al'ada ce, amma ta faɗaɗa: samari suna tafiya Kano, Kaduna, Abuja da Legas, suna aikin gini, gadi, dako ko tuƙa babur, su dawo Kirsimeti na 'yan kwanaki su sake komawa. Ajin baftisma da ƙungiyar mawaƙa, waɗanda suka dogara ga matasa, su ne suka fi jin wannan rashi.

Makarantar boko, musamman tun shirin ilimin firamare kyauta na 1976, ta ɗora wa gida kalandar da ba ruwanta da gona. Hutun Disamba gajere ne, kuma Janairu da kuɗin makaranta yake zuwa. Wannan ya haɗu da hidimar Kirsimeti da ta aure, sai manomi ya kai hatsi kasuwa a lokacin da ya fi araha, ya dawo ya saye shi da tsada da damina. Damuwar bashi tana cinye natsuwar da lokacin ya kamata ya bayar. Filin noma ma ya matse saboda yawan jama'a, saura ta zama tarihi a wurare da yawa, takin zamani ya maye gurbinta. Tun zuwan wayar salula a 2001 kuma, hirar dare a bakin wuta, inda tsofaffi suke ba da labari yara suna haddace ayoyi, ta sami abokiyar gasa. Matsalar tsaro a hanyar dajin Falgore a wasu shekaru ta sa an rage tafiyar dare da kwana a wurin taro.

Ikilisiya ita ma ta sa hannu wajen cike gurbin. Kowace ƙungiya tana da taronta, na mata, na maza, na matasa, na mawaƙa, kowanne da gudummawarsa da ankonsa da kuɗin mota. Tasirin ikilisiyoyin Fentikos na birane ya kawo kwanan addu'a da lasifika da dogon azumin Janairu. Akwai albarka a ciki, amma fasto da dattawa sukan fita daga Disamba a gajiye fiye da yadda suka shiga.

Hutun da ba kowa ya samu ba

Waiwaye na gaskiya dole ya faɗi cewa hutun da ake tunawa da shi bai taɓa zama na kowa daidai ba. Matan gidajen Maguzawa suna noma da hannunsu, kuma Kiristanci bai sauke musu wannan ba. Bayan girbi sussuka da shiƙa da surfe da daka suna jiransu, rijiya tana ƙara zurfi, itace yana ƙara nisa, girkin biki da na taro kuma a kansu yake. Hunturu yana zuwa da mura da tari da kaushi, jinyar yara da tsofaffi ta faɗa wa uwa. Wutar da ake hurawa a ɗaki don jin ɗumi takan jawo gobara. Talakan da hatsinsa bai kai shi ba, tun a da can ma cin rani yake tafiya. Injin niƙa da famfon burtsatse sun rage wa mata wahala fiye da yadda kowane wa'azi ya yi, kuma taron Zumuntar Mata ya zama ɗaya daga cikin 'yan lokutan da mace take barin murhu ta zauna a koyar da ita, ta yi waƙa, wata ta dafa mata.

Inda aka tsaya

Bambancin jiya da yau shi ne, a da yanayi ne yake tilasta hutu, ikilisiya ta zo ta zuba koyarwarta a ciki. Yanzu ruwa da kasuwa da hanya sun buɗe shekara gaba ɗaya ga aiki, don haka hutu ya koma abin da sai an yanke shawara a kansa, kuma yana da farashi. Manomin rani da ya ajiye injinsa ranar Lahadi ya san abin da zai iya rasawa. Ta wannan fuska koyarwar ranar hutu ta fi kusa da ainihin ma'anarta a yau, domin an ba da ita ne ga mutanen da suke da aikin yi, aka ce su dakata.

Hanyoyin da suke a buɗe ga ikilisiyoyin yankin ba ɓoyayyu ba ne. Ana iya tattara manyan darussa a makonni biyun da 'yan cin rani da 'yan makaranta suke gida. Manoman da suke raba ruwa ɗaya suna iya tsara layi yadda kowa zai sami ranar ibadarsa, Musulmi Juma'a, Kirista Lahadi. Rage yawan taruka da tsadar biki yana sauƙaƙa wa gidaje nauyin Janairu, ajiye wani kaso na hatsin godiyar kaka a rumbun ikilisiya kuma yana tare yunwar damina. Raba aikin girki a lokacin taro yana ba mata rabonsu na zama. Matasan da suke birni suna iya bin karatu da addu'a ta wayar da ke hannunsu. A gefen Doguwa da Tudun Wada, inda noman damina ya fi rinjaye, tsohon tsarin bai gushe ba tukuna. A kusa da Tiga da manyan kasuwanni kuwa, yawan hutun da Masihiyawa za su samu a hunturu ya rataya ne ga abin da gida da majami'a suka amince su ajiye.